Nasiha Ga Jikata Mai Ɓoyon Kayan Zane

Jikata, fenti yana mutuwa. Gam ma yana mutuwa, haka zare, haka takarda, ko an taɓa su ko ba a taɓa su ba. Da wannan nake so in fara, don na lura a tunaninki duk abin da kika rufe a akwati kika tura ƙarƙashin gado yana nan yadda kika bar shi, yana jiran ranar da za ki ce kin shirya. Mamanki ta lissafa mini abin da ke ciki: fentin da aka sa ku saya a sakandare, buroshin da ba a taɓa tsomawa a ruwa ba, ƙyallayen ankon bukukuwan da kika je, gwangwanin maɓallai da duwatsun ado, ulu, katunan gayyata masu ruwan zinariya, da wani littafi mai farar takarda mai kauri da kawunki ya kawo miki tsaraba, wanda ko sunanki ba ki rubuta a ciki ba. Ta ce in an tambaye ki sai ki ce jira kike hannunki ya faɗa, kada ki ɓata su a banza.

To bari in gaya miki abin da ke faruwa a cikin akwatin nan yanzu haka. Fentin akirilik, wanda ke zuwa a 'yan robobi ko a bututu, ɗanyen roba ne da aka dama da ruwa. Ruwan yana sulalewa ta bakin murfi a hankali, hunturu yana taya shi, ranar da ya ƙare kuma fentin ya zama dunƙule, babu ruwan da zai sake narkar da shi. Maka da biro masu launi tawadarsu bushewa take a baki. Salatif yakan koma rawaya, danƙonsa ya tsattsafo ya ɓata duk abin da ya jingina da shi. Allura da fil suna tsatsa da damina, su bar jan tabo a jikin ƙyalle. Takardar jarida daga niƙaƙƙen itace ake yin ta, akwai tsami a jikinta da ke cin ta a hankali har ta yi ja ta riƙa karyewa. Ga fumfuna a watan Agusta, ga asu mai cin ulu, ga gara wadda in ta sami kwali jingine da bango to ta sami na kalaci. Abu ɗaya ne a akwatin zai yi miki haƙuri, wato fentin ruwa na ƙwaya-ƙwaya, wanda ko ya yi shekaru a bushe ɗigon ruwa zai tashe shi. Dalili kuwa da ƙaro ake haɗa shi, ƙaron nan dai da ake ɓamɓara a jikin dakwara a Borno da Yobe da Jigawa, da Chadi, da Sudan wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Buhu-buhu ake kwasarsa a kai Turai, a dama da garin launi, a zuba a 'yan gidaje, a dawo mana da shi da tsada.

Ban ce tattali aibi ne ba. Mu da shi muka tashi. A gidanmu ba a zubar da gwangwanin madara, akwai masu mai da shi aci-balbal ko mazurari. Ba a yar da tsohon zane, majanyi zai zama, daga majanyi ya koma gammo, daga gammo ya koma tsumma. Amma ki duba da kyau, wannan tattalin duk aiki ne, abu yana fita daga wani amfani yana shiga wani. Ɓoyo daban yake. Na gan shi da idona ranar da aka buɗe akwatunan wata gwaggonmu za a raba gado. Turamen atamfar lefenta ne, 'yar Holan ta gaske, har takardar kamfani tana manne, almakashi bai taɓa su ba. Aka ɗaga na sama aka warware, sai ga farin layi a duk inda aka ninke, ana ɗan ja yana darewa a kan layin nan tun daga wannan baki har wancan. Matar nan ta yi shekaru tana zuwa biki da suna da zannuwan da kowa ya haddace, tana jiran bikin da ya isa a yanka masa waɗannan. Allah Ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce mai buɗaɗɗen hannu, kanta kaɗai ta hana. Za ki ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, sai dai zuma aka ba wannan baiwar, atamfa da fenti ba su samu ba.

Abin da nake so ki yi ba shi da wuya. Ki ɗauko littafin nan na kawunki ki mai da shi wurin wasa. Kowane shafi ki zuba masa abin da hannunki ya kai: ki shafa launi, ki manna ƙyalle, ki yi rubutu a kai, ki ɗinka maɓalli ta cikin takardar, gobe ki dawo ki shafa wani launin ya rufe rabin rubutun. Babu wanda zai rataye shi a bango, babu wanda zai ba shi maki. Shafin da ya yi kyau ki ji daɗinsa, wanda ya caɓe ki juya na gaba, ko ki manna masa wata takarda ki sake hawa kansa.

Na san abin da ya riƙe miki hannu, don na daɗe ina ganinsa lokacin da nake koyarwa a firamare. Ki miƙa wa ɗan aji ɗaya alli, kafin ki juya ya cika allo da bango da rigar na kusa da shi, in kin tambaye shi ya ce wannan motar babansa ce, wannan kuma ruwan sama ne, ba ya ko shakka. Yaron nan ya kai aji biyar, ki ce ya zana mangwaro, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ban iya ba." Hannunsa bai lalace ba, ƙarfi ma ya ƙara. Abin da ya shiga tsakani jan biro ne, da maki, da dariyar 'yan aji ranar da mangwaronsa bai yi kama da na jikin allo ba. Amma ki bi shi gida da yamma ki ga ikon Allah. Shi ne zai zauna gindin dalbejiya ya fere karan dawa, ɓawon ya zama ƙusa, totuwar ta zama gangar jiki, ya yanka tsohon silifas ya yi tayoyi, ya sa murfin lemo a matsayin fitila, ya ɗaura zare ya ja babbar mota har da ɗan kwandon kaya a sama. Ƙanwarsa tana gefe ta ɗaura wa kara ƙyalle, ta yi masa kitso da zaren buhu, ta goya. A nan ban taɓa jin wanda ya ce bai iya ba. Ke ma kin yi irin wannan, ina kallonki a tsakar gidana. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a dandali haka ne. A cikin littafinki babu 'yan kallo, ki tashi ki yi muguwar rawarki har ƙafa ta saba.

Kada kuma ki ɗauka abu ne da ya zo mana daga waje ɗungurungum. Kakanki, Allah Ya kai rahama kabarinsa, yana da kundi, kamar yadda kusan kowane malami na zamaninsa yake da shi. Takardu ne warwatse a cikin fata, wasu manya wasu ƙanana, wata ma bayan ambulan ce. A ciki akwai addu'o'in da ya karɓa a wurin malamansa, da maganin shawara, da ranar da aka haifi mamanki, da shekarar da ruwa ya yi gardama, da bashin da ake binsa, a gefe kuma 'yan zane-zane da jar tawada waɗanda ya yi don kawai alƙalami yana hannunsa. Tawadarsa da kansa yake haɗawa. Ta allo gawayi ne da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda akwai masu dafa bagaruwa da tsatsar ƙarfe don ta kama ta zauna. Ki dubi Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a Kano ko Borno: baƙaƙe da baƙa, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, ga ado a wurin hizibi da sumuni, kowane marubuci da irin nasa. Ki dubi allon zayyana da ake yi wa mai sauka, yadda mai zayyana ke cika shi da murabba'ai da da'irori launi a kan launi. A ƙarni na 19 takardar da malamanmu ke rubutu a kai, mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske, a Italiya ake yin ta, ta tsallako teku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Tsadarta ta fi ta littafinki nesa ba kusa ba. Duk da haka ba su ɓoye ta fara ba, cika ta suka yi har gefe, har tsakanin layi da layi, shi ya sa yau muke da abin karantawa.

Shafin farko shi ne mai ban tsoro, don haka ki tsallake shi. Ki buɗe tsakiya, ki tsoma tsumma a ragowar shayi ki goga wa shafi biyu. Da zarar farin nan ya tafi, rabin tsoron ya tafi da shi. Daga nan ki shiga kicin ɗin mamanki, don akwai launukan da babu su a akwatinki. Ki jiƙa zoɓo a ruwan zafi kaɗan ya yi kauri sosai, kada ki sa sukari, in ba haka ba kin gayyaci kiyashi. A kofi ja ne wur. Ki shafa a takarda ki tsaya ki zuba ido: yana shan iska yana juyawa, jan yana ja da baya, shunayya tana fitowa, wani wurin har ya doshi shuɗi. Ki matsa lemun tsami ki ɗiga a gefe ɗaya, nan take wurin zai buɗe ya koma ruwan hoda mai haske, da ɗan zobe a bakinsa. Ki jiƙa kanwa ki ɗiga a ɗaya gefen, sai ya koma kore mai duhu. Abu ɗaya ne a cikin zoɓon yake sauya launi gwargwadon tsami ko kanwar da ya tarar, kuma ita takardar zamani akwai alli a jikinta, shi ya sa take juya shi tun kafin ki ɗiga komai. Kurkur yana ba da rawaya mai ƙarfi, in kanwa ta taɓa shi ya koma ja. Dakakken goro da ɗan ruwa yana ba da nasa launin, lalle yana ba da ƙasa-ƙasa mai ɗumi, bular wanki tana ba da shuɗi. Jar ƙasa in kin tankaɗe ta da tsumma kika dama da ruwan ƙaro ta zama fenti sosai, haka gawayi, haka farar ƙasa wadda za ki riƙa rufe abin da ba ki so da ita. Zoɓo da kurkur ba sa jure rana, in an rataye su a bango kafin wani lokaci sun koɗe. A cikin littafin da ake rufewa kuwa suna daɗewa, don haka nan ne gidansu.

Fentin kanti kuma ki fara da wanda ya soma kauri, ki matse shi yau. In buroshi yana ba ki tsoro ki ajiye shi. Ki yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya ki dangwala a fenti ki buga a takarda, fure ne zai fito mai 'yan ɗakuna. Murfin kwalba yana ba da da'ira. Ki shimfiɗa guntun leshi a kan shafi, ki tsoma tsohon buroshin haƙori a launi ki karce shi da babban yatsa ya yi feshi, ki ɗaga leshin ki ga ya bar miki zanensa. Ki ja mataji a kan ɗanyen fenti. Ki yi rubutu da guntun kyandir a farar takarda, ba za ki ga komai ba, sai kin shafa ruwan launi a kai rubutun ya fito fari tas, domin kakin ya hana ruwa shiga, dabarar da masu rinin kamfala ke yi ke nan. Ki barbaɗa gishiri a kan launi yana jiƙe, ki bari ya bushe ki kakkaɓe. Ba zan gaya miki abin da zai fito ba, ki gwada.

Maganar gam tana da muhimmanci, don a nan aiki ya fi lalacewa. Takarda marar nauyi ruwan ƙaro ya ishe ta. Ƙyalle da maɓalli da kwali sai farin gam irin na kafintoci, a shafa shi siriri da guntun kwali, in ya yi yawa takarda za ta tattare. Kokon sitaci ko na fulawa yana kamawa ƙwarai kuma ba ya cin kuɗi, amma kwana biyu ya yi tsami, kuma kyankyaso yana sonsa, don haka ki dama daidai na ranar, ki jefa kanumfari a ciki yana kan wuta. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kada ki kusantar da shi, ƙona ƙyalle yake ya manne miki yatsu. Kin gama shafi, ki bar shi a buɗe ya sha iska, sannan ki sa leda a tsakani ki rufe, ki ɗora masa dutsen guga ya kwana. Littafin zai yi ta kumbura har ya ƙi rufuwa. Ki riƙa cire shafi ɗaya nan ɗaya can don ya sami sarari, ki ɗaure shi da igiyar ƙyalle. Da damina kada ki ajiye shi a ƙasa ko jikin bango.

Ƙyallayen ankon nan su na fi so ki fara da su, kuma ki fara da wanda kika fi ji da shi, wanda kike cewa ba za ki taɓa ba. Ki yanki kamar tafin hannu ki manna. A gefensa ki rubuta bikin wace ce, a wace unguwa, wace shekara, nawa aka sayo yadin a Kantin Kwari, nawa tela ya karɓa, ya cika alkawari ko sai da aka yi masa zarya, me aka ci, wa ya yi kuka ranar kai amarya. Ki manna katin gayyatar a ɗaya shafin, ki zagaye shi da launin da ya dace da ranar a zuciyarki. Rasidin kuɗin makaranta, tikitin jirgin ƙasa, takardar alewar da ƙaninki ya ba ki, kan sarki na tsohuwar wasiƙa, ganyen da ya faɗo miki a littafi, duk suna da wuri. Farashin nan kada ki raina rubuta shi. Ni da na san ana sayen turmin atamfa da kuɗin da yau ba zai sayi ƙullin gishiri ba, na san yadda 'ya'yanki za su riƙe baki in sun karanta. Ƙyalle a gwangwani ba ya gaya wa kowa komai, ke kanki nan da wasu shekaru za ki ɗaga shi ki kasa tuna na bikin wa ne.

Akwai wani saurayi da nake so ki san labarinsa, sunansa Dan Eldon. A Landan aka haife shi a 1970, iyayensa suka koma Nairobi ta ƙasar Kenya yana ɗan shekara 7, a can ya girma. Tun yana sakandare ya kama irin wannan littafi, kuma bai yi masa da sauƙi ba. Hotunan da ya ɗauka da kansa yakan yanka su ya manna, ya yi musu fenti a kai, ya haɗa da yankan jarida da taswira da kan sarki da takardun kaya da duk abin da ya tsinta a tafiye-tafiyensa cikin Afirka, ya bi da rubutu da tawada, shafi a kan shafi har littafin ya yi nauyi. Ya zama mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya tafi Somaliya lokacin yunwa da yaƙi. Ranar 12 ga Yuli, 1993, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka kai hari kan wani gida a Mogadishu inda ake taro, mutane da yawa suka mutu, jama'ar da suka fusata suka kashe shi da abokan aikinsa uku da suka je ɗaukar abin da ya faru. Shekarunsa 22. Ya bar littattafai 17, mahaifiyarsa ta zaɓo wasu shafuka ta buga a 1997, kuma har yau matasa a ƙasashe da dama daga nan suke samun ƙarfin halin buɗe nasu. Ba don in tsorata ki na kawo shi ba, Allah Ya ja kwananki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da yaron nan ya ce sai hannunsa ya faɗa, da mahaifiyarsa fararen takardu za ta tarar.

Wani amfanin kuma sai wanda ya gwada. Ran da ranki ya ɓaci, abin da ba ki iya faɗa wa mamanki ko ƙawarki, ki rubuta shi a shafi yadda ya zo, kada ki gyara. Kin gama, ki ɗauko farar ƙasa ko fenti mai kauri ki rufe shi, ki manna abin da kike so a kai. Maganar ta fita daga ƙirjinki, kuma babu mai buɗewa ya karanta. Wannan ba ya maye gurbin addu'a, ba ya maye gurbin zama da babba a yi shawara in abin ya yi nauyi, amma yana rage zafi, hannu yana aiki zuciya tana lafawa.

Wasa ne, amma yana da iyaka, kuma ina so ki riƙe ta da kyau. Duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kalanda ce ko katin ɗaurin aure ko shafin jarida, almakashinki kada ya bi ta kai, fentinki kada ya rufe ta. Ki duba gaba da baya kafin ki yanka. Tsofaffin takardun gida masu rubutun ajami ko na Larabci, da wasiƙun kakanni, da takardun gona, ba kayan wasa ba ne. In gida ba zai iya riƙe su ba akwai wuraren da aikinsu ke nan, irin su Arewa House da ke Kaduna. Takardar naira doka ta hana a yanka ta ko a yi rubutu a kanta. Kwalli kada ki mai da shi fenti, da yawansa akwai dalma a ciki, ga ƙannenki masu kai hannu baki. Batun zana abu mai rai kuwa malamai sun yi magana a kai, ki tambayi malaminku ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. Ko kin bar shi gaba ɗaya ba ki rasa abin zanawa ba: ga dagin da ke jikin sorayen Zariya da Kano, ga aska takwas ta gaban babbar riga, ga zanen hula da na ƙwarya da na lallen amare, ga ganye da fure, ga rubutu shi kansa.

Sannan ki fitar da kayan daga ƙarƙashin gado. Akwai wani mai fasaha ɗan Ghana, El Anatsui, wanda ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafun kwalabe da aka yar. Ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye, suka yi watanni yana wucewa yana ganinsu, har ran da ya gane in an baje su an huda an ɗinke da wayar jan ƙarfe za su zama wani irin mayafi. Ya yi aiki da murfin gwangwanin madara ma. A 2023 aikinsa ne ya cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern a Landan. Shi ma ajiya ya yi, amma a inda ido ke kai. Ki sami faranti ko tsohon tire ki zuba kaɗan daga kowane abu, da almakashi da gam, ki ajiye kusa da inda kike zama bayan la'asar. Abin da sai an ja akwati an kwance igiya kafin a kai gare shi, kullum gobe za a ce.

Kuma kada ki sayi sabo. Na san yadda abin yake, kina duba waya ki ga wata a wata ƙasa ta jera kwalabe da hatimai da takardu masu tsada, sai ki ji ai abin da ya hana ki farawa rashin irin nata ne. Saye yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya yi aikin alhali bai taɓa komai ba. Ki yi wa kanki alkawari ba za ki ƙara ko fensir ba sai littafin nan ya cika. Haka kuma kada ki riƙa ɗaukar hoton kowane shafi kina sakawa a WhatsApp ko Instagram. Ranar da kika fara jiran a ce ya yi kyau, jan biron nan ya dawo ta taga, hannunki zai fara yin abin da zai burge mutane. In akwai shafin da kike so ki nuna, ki nuna, amma mafi yawansu su zama naki ke kaɗai.

Mamanki ma ki ja ta, kada ta ce ta girma. Wata Baturiyar Ingila, Mary Delany, tana da shekara 72 a 1772, mijinta ya rasu, ta lura wata jar takarda a kan teburinta launinsu ɗaya da furen da ke kusa. Ta ɗauki almakashi ta yanka, ta manna a kan baƙar takarda. Daga nan ta yi ta yi, fure ɗaya wani lokaci guntaye ɗaruruwa, kowanne ta rubuta sunansa, har sai da idanunta suka yi rauni bayan kimanin shekara 10. Ta bar guda 985, mafi yawansu suna British Museum a Landan, masana tsirrai na zamaninta sun yaba da daidaitonsu.

In kin zauna kin tantance, za ki ga akwai abin da ya fi ƙarfin littafi ɗaya, ulun nan da manyan ƙyallaye da rabin maɓallan. Ki ware su tun suna da rai. Manyan ƙyallaye a haɗa su a yi wa jariri shimfiɗa ko rigar filo, sauran ki kai makarantar firamaren unguwarku, malamar 'yan aji ɗaya za ta sa miki albarka, don yawancinsu ko alli mai launi ba su da shi. In an yi hutu ki taho da littafin, ki taho da ƙannenki. Na yi magana da telan bakin layinmu zai tara mana abin da ya zuba a ƙarƙashin kekensa na ɗinkin Sallah, ƙaro kuma akwai mai kawowa kasuwarmu ran Laraba. Ki zo da almakashi biyu, don yaran nan ba za su yarda su jira juna ba. Ki gaishe mini da mamanki da babanku.